Kwali a Jaka, Aiki a Ina? Tarihin Karatu da Aiki a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Akwai tambayar da ake yawan ji a majalisun samari, tun daga Hunƙuyi har Paki. Yaya aka yi iyayenmu suka samu aikin gwamnati da shaidar malanta mai daraja ta biyu, wasu ma da takardar firamare kawai, amma yau mai digiri yana zaune a shagon POS ko yana tuƙa Keke Napep? Wasu sukan ce karatun ne ya lalace. Wasu kuma su ce ai yanzu sai wanda yake da uwa a gindin murhu. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tarihi yana nuna wani dalili da ya girme su duka.

Tun farko, an gina karatun boko a wannan yanki ne domin ya samar wa hukuma ma'aikata. Muddin masu karatun 'yan kaɗan ne, hukuma kuma tana faɗaɗa, to kwali da aiki tare suke zuwa. Da masu karatu suka yawaita, hukuma ta daina faɗaɗa, sai aka ga ashe ba a taɓa ɗaura makarantun da abin da yankin yake rayuwa a kansa ba, wato rake da tumatir da masara. Bari mu bi labarin daki-daki, sannan mu leƙa wata al'umma a can arewacin Kanada, wadda matsalarta ta zo a juye da tamu.

Makarantar da aka gina don ofis

Kafin Turawa su shigo Zazzau a 1902, karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Akwai makarantun allo a kowane gari, akwai zaurukan ilimi a birnin Zariya da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Amma wanda ya yi wannan karatun ba albashi yake jira ba. Yakan koma garinsu ya yi limanci ko ya koyar, yana noma ko fatauci ko ɗinki a gefe.

Turawa sun zo da tsarin mulki ta hannun sarakuna, kuma tsarin yana buƙatar mutanen da za su iya rubutun boko da lissafin haraji. Da wannan niyya Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1911 layin dogo ya isa Kano daga Zariya, ya ratsa ta Likoro da Gimi, kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka biyo shi, su ma suna neman akawu. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949, kuma yau ake kiran ta Barewa.

Ga yaron da aka haifa a gundumar Ikara ko ta Maƙarfi, tsanin ƙanƙane ne ƙwarai. Elemantare tana garin hakimi. Wanda ya yi fice sai a kai shi midil a Zariya ya zauna a makarantar kwana. Daga nan 'yan ƙalilan ne ke wucewa kwaleji. Iyaye da yawa ba sa son ba da 'ya'yansu, har dattawa suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara idan dagaci ya fito neman waɗanda za a sa a makaranta.

Ku duba sunayen ayyukan da ke jiran waɗannan yara: malamin makaranta, malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti, duba-gari. Duk na En'e ne ko na gwamnati. Yawan ɗaliban da ake ɗauka bai cika wuce yawan kujerun da ake son cikewa ba. Shi ya sa a wancan zamani da wuya ka ga ɗan boko yana zaman kashe wando, domin tun ranar da aka sa shi a aji akwai kujerar da ake hango masa.

Lokacin da aiki ke neman mutum

Da mulkin kai ya gabato, sai shugabannin Arewa suka farga cewa ofisoshin lardunansu cike suke da Turawa da 'yan Kudu. Daga 1954 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta riƙe manufar fifita ɗan Arewa a ɗaukar aiki. Matsalar ita ce ina 'yan Arewan da suka yi karatun? Sai aka shiga horo na gaggawa. Makarantar koyon aikin akawu da ke Kongo a Zariya ta zama cibiyar koyon aikin mulki a 1954, ana ɗibar ma'aikatan En'e ana horar da su su zama jami'an mulki.

Kwamitin Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ba da shawarar a kafa jami'a a Zariya. Ranar 4 ga Oktoba 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da ɗalibai 426. A shekarar ne kuma aka kafa babbar kwalejin horar da malamai ta Zariya. Da aka ga makarantun sakandaren Arewa ba sa fitar da isassun ɗaliban da za su cike jami'ar, sai aka buɗe makarantar share fage ta SBS a 1970.

A taswira, Ikara da Maƙarfi da Kudan sun yi sa'ar maƙwabtaka. Hunƙuyi tana bakin Zariya, Maƙarfi da Ikara kuma tafiyar mota ce ta safiya ɗaya. Amma kusanci da jami'a bai sa yaran ƙauye sun cika ta ba, domin kafin ka kai Samaru sai ka bi ta sakandare, sakandaren kuwa a birane take. Wanda ya samu ya haye, shi ne ya ci moriyar zamanin. Misalin da kowa ya sani shi ne Ahmed Muhammad Maƙarfi, wanda aka haifa a 1956, ya bi ta SBS, ya karanta ilimin akanta a ABU, ya yi aikin banki, ya zama kwamishinan kuɗi, sannan gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007.

Ƙirƙiro jihohi a 1967 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya ba Ikara tata ƙaramar hukumar, sun buɗe sababbin ofisoshi. Kuɗin mai yana shigowa, ƙarin albashin Udoji ya zo a 1974. Waɗanda suka gama jami'a a shekarun sukan faɗi yadda ma'aikatu ke zuwa har makaranta neman ma'aikata, da yadda ake ba sabon ma'aikaci rancen sayen mota. A nan ne tunanin "yi karatu ka samu aiki" ya kafu a zukatan iyaye, kuma a lokacin ba ƙarya ba ne.

'Yan UPE da ƙofar da ta tsuke

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Masu tsara shirin sun yi hasashen yara kusan miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka fito. A ƙauyukan yankin nan, wannan ne karon farko da makarantar boko ta shiga lungu da saƙo. Malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa horar da su cikin gaggawa, aikin malanta ya zama ƙofar da ɗan manomi ya fi shiga aikin gwamnati ta cikinta.

To, yanzu mu yi ɗan lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 1976 ya gama firamare a 1982, ya gama sakandare wajen 1987 ko 1988. Me ya tarar? Farashin mai ya faɗi tun farkon shekarun 1980. Gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, gwamnatin soja ta rage ma'aikata a 1984, sannan a 1986 Babangida ya kawo shirin SAP, darajar Naira ta zube, aka taƙaita ɗaukar aiki. A shekarar ne aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga. Wato ayari mafi girma na 'yan makaranta da yankin ya taɓa fitarwa ya iso bakin ƙofa daidai lokacin da ake turo ta. Ita kanta gwamnati ta gane haka, shi ya sa ta kafa hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, wadda ta fara aiki a 1987.

Masana'antu ma ba su iya ɗauke nauyin ba. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. A cikin yankin kuwa, kamfanin sarrafa tumatir na Ikara da aka kafa a 1981, zamanin gwamna Balarabe Musa, shi ne ƙoƙari mafi girma na haɗa gonakin yankin da aikin masana'anta. Irin wurin da zai ɗauki mai ilimin sinadarai da injiniya da akanta da malamin gona ke nan. Amma ya shafe shekaru masu yawa a rufe, an sha farfaɗo da shi yana sake tsayawa.

Makarantu sun matso gida

Duk da haka mutane ba su daina neman karatu ba, ƙaruwa ma suka yi. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Zariya a 1989, wadda yanzu ake kira Nuhu Bamalli. A 1996 Kudan ta zama ƙaramar hukuma mai hedikwata a Hunƙuyi. A 2004 aka kafa Jami'ar Jihar Kaduna. Ikara tana da cibiyar koyar da harkokin ƙungiyoyin gama kai. Maƙarfi tana da kwalejin kimiyyar lafiya mai sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda daga baya aka haɗe ta da jami'ar jihar.

Wannan matsowa ta yi amfani sosai, musamman ga mata. Uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi wata jiha ba, yakan yarda ta yi karatun lafiya a Maƙarfi. Matar aure ma tana iya haɗa karatu da gida. Al'umma kuma tana matuƙar buƙatar mata ma'aikatan lafiya, domin mata da yawa sun fi sakin jiki da 'yar uwarsu a ɗakin awo da na haihuwa.

Amma ɗalibin karkara yana da nasa dutsen da zai hau. Jarabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, alhali yaro na iya gama sakandare bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ya yi firamare da Hausa a baki, ya shiga jami'a inda komai da Turanci ne. Kuɗin makaranta kuma daga gona yake fitowa. A watan Mayu na 2016 gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta, wadda ta cinye lambuna a yankin. Irin wannan shekara, ba manomi kaɗai ke asara ba, har da ɗansa da ke jiran kuɗin rajista. A 2021 aka ninka kuɗin makarantun jihar sau da yawa, kafin sabuwar gwamnati ta rage shi a 2023. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022.

Bayan duk wannan, ina aikin? Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin uku suna da mutum kusan 480,000, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Manyan masu ba da aikin albashi a cikinsu har yau su ne sakateriya da hukumar ilimi da asibitoci, kusan dai irin jerin zamanin En'e. Ko su ɗin ba tabbas. A 2017 gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, ta sallame su ta ɗauki sababbi. An yi ta muhawara a kan adalcin matakin, amma ya nuna wa kowa cewa kwalin malanta shi kaɗai bai tsare kujera ba.

Abin da masu bincike ke cewa

A 1976, wani masani ɗan Ingila mai suna Ronald Dore ya fitar da littafi a kan abin da ya kira cutar kwali. Bayaninsa mai sauƙi ne. Idan kujeru goma ne, masu takardar sakandare ɗari suka nema, mai ɗaukar aiki zai ce sai mai difloma. Kowa sai ya ruga neman difloma. Da masu difloma suka kai ɗari, sai a ce sai mai digiri. Kujerun suna nan goma, kuɗi da shekarun da ake kashewa kafin a kai gare su ne ke ƙaruwa. Mun ga haka da idonmu: aikin koyarwa a firamare da ake yi da shaidar daraja ta biyu ya koma sai mai NCE, yau kuma masu digiri ne ke layi a kansa.

Alƙaluman ƙasa suna buƙatar a karanta su da lura. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako ana lissafa shi mai aiki, sai adadin ya sauko zuwa kusan kashi 4. Ba ayyuka ne suka ƙaru ba, mudun awon ne aka canza. Abin lura shi ne, ko a sabon ma'aunin, masu karatun gaba da sakandare ne suka fi kowa rashin aiki. Dalili kuwa, wanda bai yi karatu ba ba ya jiran kowa, gona ko kasuwa yake nufa. Mai kwali ne ke zaman jira, domin iyayensa sun sayar da amfanin gona sun biya masa karatu da fatan ofis.

Inuit: kujeru suna jira, masu kwali sun yi kaɗan

Inuit mutane ne da ke zaune a yankunan ƙanƙara na arewacin duniya, asalin sana'arsu farauta da su. A Kanada sun kai kusan 70,000 bisa ƙidayar 2021. Su ma boko ya zo musu ne daga waje, kuma da tilas. Daga shekarun 1950 an riƙa raba yara da iyayensu ana kai su makarantun kwana inda ake hana su harshensu, abin da gwamnatin Kanada ta nemi gafara a kansa a 2008.

Ranar 1 ga Afrilu 1999 aka ƙirƙiri yankin Nunavut, inda kusan kashi 85 cikin ɗari na mazauna Inuit ne. Garuruwansa 25 ne, kuma babu titin mota da ya haɗa wani da wani, sai jirgin sama. Ɗalibin da ke son jami'a a kudancin ƙasar, daga Iqaluit babban birnin yankin zuwa Ottawa kaɗai tafiyar kusan kilomita 2,000 ce. Yarjejeniyar da ta haifi yankin, wadda aka sa wa hannu a 1993, ta tanadi a sashe na 23 cewa yawan Inuit a aikin gwamnati ya dace da yawansu a cikin jama'a. Amma shekara da shekaru rabonsu yana tsaye a wajen rabi, kuma ya fi ƙaranci a manyan muƙamai. Alƙali Thomas Berger, a rahotonsa na 2006, ya ɗora alhakin a kan tsarin makarantu, ya ba da shawarar a koyar da yara da harshen Inuktitut tare da Turanci. Ƙungiyar Inuit ta kai gwamnatin tarayya kotu, a 2015 aka sasanta a kan dalar Kanada miliyan 255.5, aka ware miliyan 175 daga ciki don horar da Inuit.

Kun ga halin da suke ciki ya fi kama da na Arewa a 1954: ga kujeru, babu isassun 'yan gida masu takarda. Mu kuma yau ga takarda, babu kujeru. Amma akwai darasi a irin shirye-shiryen da suka yi musu aiki. Tun 1979 suke horar da malaman makaranta a cikin yankin, domin su koyar a garuruwansu da harshensu. Daga 2001 zuwa 2005 aka kai karatun lauya har Iqaluit tare da haɗin gwiwar Jami'ar Victoria, mutum 11 suka kammala. A Ottawa kuma akwai Nunavut Sivuniksavut, wadda aka kafa a 1985, inda matashi ke fara koyon tarihin mutanensa da yarjejeniyar ƙasarsu kafin ya wuce jami'a ko aiki. Duk shirye-shiryen nan sun fara ne da tambayar wane aiki al'umma ke buƙata, sannan aka tsara karatun, aka kuma kawo shi kusa da gida.

Komawa gona da kasuwa

Idan muka yi wa yankinmu wannan tambaya, amsar ba ɓoyayya ba ce. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila. Fadamun Kudan da Ikara suna fitar da tumatir da attaruhu da albasa, wanda wani kaso ke ruɓewa a kwando kafin ya kai Legas. Masara kuwa ba a magana. A Samaru, cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda tushenta ke komawa 1922, ta fitar da ingantattun iri masu yawa, irin su jerin masarar SAMMAZ. Tsakanin ɗakin binciken Samaru da lambun Likoro akwai ayyuka da dama: gwajin ƙasa, gano cutar shuka da wuri, samar da iri, busarwa da adanawa, gyaran injin ban ruwa, riƙe littafin kuɗin ƙungiya. A da malaman gona na gwamnati ne ke yin wani ɓangare na wannan aiki, amma sun ragu ƙwarai tun bayan da tallafin Bankin Duniya ga shirye-shiryen raya noma ya ƙare a shekarun 1990. Kamfanin Babban Gona, da ya fara aiki da manoman masara a arewacin jihar a 2012, ya nuna cewa ana iya ɗaukar matasa irin wannan aiki a biya su.

Sai dai kada a ɗauka sauya manhaja kaɗai zai wadatar. Tun 1965 Philip Foster, bayan bincikensa a Ghana, ya yi gargaɗin cewa koyar da sana'a a makaranta ba ya haifar da aiki idan babu kasuwar da za ta biya mai sana'ar. Kwalejin Maƙarfi ma shaida ce: tana fitar da ma'aikatan da ake buƙata a kowace mazaɓa, amma da yawansu sukan yi shekaru suna aikin sa-kai a ƙananan asibitoci kafin a ɗauke su. Buƙata daban, kasafin biyan albashi daban.

Abu na farko da za a iya yi ba ya cin kuɗi sosai. Kowace makaranta a yankin ta riƙa bin sawun ɗalibanta: bayan shekara ɗaya da uku da biyar da kammalawa, nawa ne ke aikin albashi, nawa ke sana'ar kansu, nawa suka bar yankin, nawa ke zaune. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin uku ma za su iya tattara wannan da wayar hannu. Gwamnatin Nunavut tana wallafa adadin Inuit da ke kowane mataki na aikinta a kai a kai, shi ya sa masu ƙorafi suke da hujjar riƙewa. Uban da zai sayar da buhun masara don ya biya kuɗin rajista ya cancanci ya san wane kwas ne ya kai 'ya'yan maƙwabtansa ga abin yi, kafin ya kai buhun kasuwa.